Igogin Gore da Yaƙin Dakar na 1940

Yau tarihinmu ya kai mu Senegal, tsibirin Gore, wanda jirgin fito ke isa cikin kamar minti 20 daga Dakar. Yawancin baƙi Gidan Bayi suke zuwa gani, su yi juyayi su koma. Amma wanda ya daure ya hau tudun Castel da ke kudancin tsibirin, zai tarar da wani tarihin na dabam: manyan igogi biyu jere da juna, bakinsu na fuskantar teku, tsatsa ta cinye su. Faɗin bakin kowace milimita 240 ne. Daga wani tsohon jirgin yaƙin Faransa mai suna Vergniaud aka ciro su, aka kafa su kan kankare don tsaron tashar Dakar. Ƙarƙashinsu akwai ɗakuna da lunguna inda ake ajiye harsasai, sojoji kuma suke fakewa. Yanzu masu zane-zane ne suka mai da wasu ɗakunan wurin sana'a.

To, wa aka harba da su?

A watan Yuni 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi, Faransawa suka rabu biyu. Marshal Pétain ya kafa gwamnati a Vichy bisa sulhu da Hitila, Janar de Gaulle kuwa ya tafi Landan ya ce sai an ci gaba da yaƙi. A watan Agusta gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi de Gaulle, Kamaru ma ta bi. Saura Dakar, hedikwatar Afirka ta Yamma ta Faransa, wadda har Nijar daga can ake juya ta. Tasharta babba ce, ga kuma sabon jirgin yaƙi Richelieu a cikinta.

Ranar 23 ga Satumba 1940 de Gaulle ya iso daga Freetown tare da jiragen ruwan Ingila, yana zaton za a buɗe masa ƙofa cikin lumana. Hazo ya rufe teku a ranar. Gwamna Janar Pierre Boisson, mai bin Vichy, ya ƙi miƙa wuya, aka buɗe wa 'yan aiken de Gaulle wuta a tasha. Igogin gaɓa, har da na Gore, suka shiga aman wuta, aka yi wa jirgin Ingila Cumberland mummunar ɓarna. Yunƙurin sauke sojojin de Gaulle a Rufisque, kusa da Dakar, ya ci tura. Ranar 25, jirgin ƙarƙashin ruwa na Vichy, Bévéziers, ya harbi jirgin yaƙin Ingila Resolution, daga nan maharan suka janye. Dakar ta zauna hannun Vichy har Nuwamba 1942.

Ana cewa faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi, amma mutanen Dakar ba su sami damar kallo ba. Harsasai sun faɗa cikin unguwanni, fararen hula da yawa sun mutu, jama'a suka yi ta tserewa daga birni. Ba wanda ya tambaye su ko Pétain suke so ko de Gaulle. Mu ma abin ya taɓa mu: Nijar ta kasance ɓangaren Vichy, Nijeriya ɓangaren Ingila, aka tsananta tsaron iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, Daura da Damagaram.

Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar waɗannan igogi su zama wurin ɗaukar hoto kawai ba. Littattafan Turai sun adana sunayen jirage da janar-janar, to alhakinmu ne mu koya wa 'ya'yanmu abin da ya sami mutanen gari. In a gidanku akwai dattijon da ya ji labarin zamanin Vichy daga iyayensa, ku zauna da shi, ku rubuta abin da ya faɗa tun yana da rai. Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasashenmu, amin.