Tafta: Tashi da Faɗuwar Wani Yadi a Tufafin Turawa

Kalmar nan tafta asalinta daga harshen Farisa ta ke, ma'anarta kuwa abin da aka murɗa ko aka saƙa. Sunan bai danganci irin zaren ba, sai irin saƙar. Akan gitta zaren tsaye da na kwance ɗaya bisa ɗaya, a matse su ƙwarai, har yadin ya fito da sheƙi da tauri, in an motsa ya riƙa ƙara kamar sabuwar shadda. Taurin nan shi ne arzikin tafta, shi ne kuma sanadin faɗuwarta duk sa'ad da ta faɗi.

Daga ƙasashen Gabas ta shiga biranen Italiya, sa'an nan Faransa, inda Sarki Faransuwa na Ɗaya ya ba masaƙan alharini na birnin Liyon gata a 1536. A ƙarni na 18 matan fada suna sa riguna masu faɗin gindi, waɗanda ba su tsayuwa sai da yadi mai tauri, saboda haka tafta ta yi daraja. Bayan juyin mulkin 1789 mata suka koma ga fararen yadudduka na auduga masu laushi, kasuwarta ta yi sanyi. Ta farfaɗo wajen 1850, da faffaɗan riguna suka komo, ta sāke ja da baya wajen 1920, da aka koma ga sakakku masu bin jiki. A 1947 Christian Dior ya fito da ɗinkinsa mai matsattsen ƙugu da buɗaɗɗen gindi, aka sāke nemanta. Rigar da Gimbiya Diana ta yi aure da ita a 1981 ta taftar alharini ce, jelarta ƙafa 25.

Amma fa alharinin kansa ya sami kishiya. A 1889 Chardonnet ya nuna alharinin kanti a baje kolin Faris, daga baya nailan da foliyesta suka biyo. Da ya ke sunan na saƙa ne, sai ya bi sababbin zaruruwan, har yau akan sami tafta mai araha a shafin riguna.

Don haka manazarcin da ya tarar da kalmar a takarda, ya fara duba shekararta. A 1760 alharini ta ke nufi. A 1960 kuwa, sai an bincika.