Douk-Douk: wuƙar talaka da ta zama abin taskacewa

A shekarar 1929 wani maƙeri mai suna Gaspard Cognet, a garin Thiers na ƙasar Faransa, ya ƙera wata wuƙar aljihu mai naɗewa. Mariƙinta fallen ƙarfe ne da aka lanƙwasa, ruwanta kuwa baƙin ƙarfe mai saurin ɗaukar kaifi. Ya nufi kasuwar tsibiran Melaneshiya da ita, shi ya sa ya zana hoton wani dodonsu, Duk-Duk, a jikinta. Can ba ta karɓu ba, sai aka karkata da ita zuwa Afirka ta Arewa da sauran ƙasashen da Faransa ke mulka, inda araha da ƙarko suka sa ta shiga aljihun manomi da ɗan kasuwa.

Da yake Musulmi da dama na ƙyamar hoton halitta, kamfanin ya fito da wani samfuri mai suna El Baraka, ɗauke da tambarin Agadas, irin wanda maƙeran Abzinawa ke yi da azurfa.

Yau masu sha'awar tara wuƙaƙen gargajiya a Turai da Amurka suna nemanta, wasunsu kuma kullum tana aljihunsu, suna fere 'ya'yan itace da yanka igiya. A wurinsu, dusashewar ƙarfen shaida ce ta aiki. Saboda haka, wanda ya tsinci irinta a akwatin kakansa, kada ya yar. Ya goge tsatsar, ya wasa ta, ya shafa mata mai.