Shingayen bincike a hanyar Birnin Kudu: abin da ke sa a tsayar da mota, da abin da ke sa a sallame ta

Motar da ta tashi daga Kano za ta Bauchi ko Gombe ta Birnin Kudu tana ratsa aƙalla jihohi uku kafin ta isa masauki. Takan fito ta Wudil, ta wuce Kwanar Huguma inda hanyar Dutse ta rabu, ta shigo kudancin Jigawa. Daga Birnin Kudu masu zuwa Bauchi sukan karkata ta Babaldu su faɗa Ningi, masu zuwa Gombe kuma su bi ta ƙasar Gwaram su nufi Darazo. Kowace jiha da rundunar 'yan sandanta da jami'anta na duba motoci, ga kuma hukumomin tarayya a kan hanya ɗaya. Shi ya sa tafiyar da ba ta fi sa'o'i kaɗan ba take cinye wa ɗan kasuwa yini, ma'aikaci kuma ya isa taro an riga an watse.

Babu dabarar da za ta hana jami'i ɗaga wa mota hannu, kuma direban da ya yi ƙoƙarin tsere wa shinge da gudu ya jefa ransa da na fasinjojinsa cikin haɗari, domin masu tsaron shingen suna riƙe da makamai. Abin da ke hannun matafiyi shi ne hana tsayuwar minti ɗaya ta koma ta sa'a guda. Yawancin wannan aiki kuwa a gida ake yinsa, tun kafin a tayar da mota.

Su wane ne a kan hanya

Jama'a sukan haɗa duk mai kaki su ce "'yan sanda", alhali hurumin kowa daban ne. Aikin 'yan sanda shi ne hana aikata laifi: neman motar sata, makamai, da waɗanda ake nema ruwa a jallo. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ce mai lura da lasisin tuƙi da gudu da lodi da bel da lafiyar tayoyi. Jami'an VIO ma'aikatan jiha ne masu duba ko mota ta cancanci hawa titi. Kwastam suna neman kayan fasa-ƙwauri da shaidar biyan harajin shigo da mota, hukumar NDLEA kuma miyagun ƙwayoyi. Wanda ya fito daga Kano yana da 'yan KAROTA a gabansa kafin ya bar jihar.

Amfanin sanin wannan shi ne direba ya fito da takardar da ta dace da mai tambaya, maimakon ya miƙa duk abin da ke cikin jakar ya zauna jiran a dawo masa da shi. Akwai kuma hukuncin da direbobi ke yawan kafa hujja da shi a tasha: wanda wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke a watan Oktoban 2024, cewa jami'an VIO ba su da ikon tsayar da mota ko ƙwace ta ko cin tara. A kan hukumar da ke Babban Birnin Tarayya aka yi wannan shari'a. Wanda ya tsaya yana gardama da shi a tsakanin Babaldu da Ningi zai ɓata wa kansa lokaci ne kawai.

Sufetocin 'yan sanda da dama sun ba da umarnin cire shingaye daga manyan hanyoyi, ciki har da Mohammed Dikko Abubakar a 2012 da Ibrahim Idris a 2017. Duk wanda ke bin hanya ya san yadda umarnin ya ƙare: shingayen sukan ɓace na ɗan lokaci, su dawo da sunan sintiri ko binciken ababan hawa, musamman idan matsalar tsaro ta taso.

Takardu

Nan ne mafi yawan jinkiri yake. Ana buƙatar lasisin tuƙi wanda wa'adinsa bai ƙare ba (na shekara uku ne ko biyar) kuma na rukunin motar da ake tuƙawa, da lasisin mota na shekara, da takardar inshora, da shaidar mallaka, da takardar lafiyar mota. Motar da aka shigo da ita daga waje ana iya tambayar takardar kwastam ɗinta. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka motar da ta biyo ta Nijar ba da cikakkun takardu ba tana iya zama wa mai ita ƙarfen ƙafa ko da hannu na uku ne ya saye ta.

Ba ƙarewar wa'adi ne kaɗai ke kama mutane ba. Saɓani tsakanin takarda da mota ya fi shi wahalar warwarewa. Mutum ya sauya inji a gareji bai je an gyara lambar injin a takarda ba. Ko an yi wa mota sabon fenti, takarda tana cewa fara ce, ido yana ganin baƙa. Ko an sayi mota shekara biyu ba a yi canjin mallaka ba, sunan tsohon mai ita ne a ko'ina. A idon ɗan sanda duk waɗannan alamomin motar sata ne, kuma yana da hujjar kai ta ofis har a tantance. Kafin doguwar tafiya ya kamata mai mota ya buɗe bonet da kansa ya gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke rubuce, harafi bayan harafi. Wanda ya ari motar ɗan'uwa ko ta wurin aiki, gara ya riƙe rubutaccen izini daga mai ita, ya kuma tabbatar wayar mai motar a kunne take.

Batun inshora ya cancanci a tsaya a kansa. Dokar da ta fara wajabta inshorar kare wanda aka yi wa ɓarna ta 1945 ce, amma an daɗe ana ɗaukarta a matsayin 'yar takardar da ake cusawa cikin sauran takardu. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiya kuma ya kai naira miliyan 3. Rundunar 'yan sanda ta fara tilasta dokar a faɗin ƙasa ranar 1 ga Fabrairun 2025. Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa a hannun 'yan kamasho da ke shawagi a bakin ofisoshin lasisi, mutum ya biya kuɗinsa da zuciya ɗaya a ba shi abin da babu kamfanin da ya san da shi. Ana iya tantancewa ta waya da lambar *565*11#, a shigar da lambar mota. Idan sunan kamfani bai fito ba, takardar ba ta da amfani a shinge, balle ranar da aka yi haɗari.

Baƙin gilashi kuwa dokarsa ta 1991 ce, wadda ta haramta shi sai da izinin 'yan sanda bisa dalilin lafiya ko tsaro. An dakatar da bayar da izinin a 2021, aka dawo da shi a 2025 ta intanet, Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta kai ƙara kotu, aka yi ta ɗage ranar fara kame. Ko yaya shari'ar ta kaya, motar da ba a ganin cikinta ita ce ta farko da ake ɗaga wa hannu. Sauke gilasai tun daga nesa yana rage rabin zargin.

Abin da ido ke gani

Jami'in da ke tsaye a titi yana da daƙiƙu kaɗan ne ya zaɓi motar da zai tsayar, kuma da abin da ya gani yake zaɓa. Fitila ɗaya, danjar da ba ta kamawa, tsagaggen gilashin gaba, lambar da aka rufe ko ta goge, but a buɗe an ɗaure kaya da igiya, mutum biyu a kujerar gaba ɗaya, direba da waya a kunne: kowanne gayyata ce. A jadawalin tarar da FRSC ta daɗe tana aiki da shi, rashin ɗaura bel naira 2,000 ne, waya a lokacin tuƙi 4,000, wuce ƙa'idar gudu 3,000, rashin na'urar kashe gobara 3,000, rashin alamar gargaɗi mai kusurwa uku 3,000, lodin da ya wuce kima 10,000, matsalar lasisin tuƙi 10,000, tuƙin ganganci kuwa 50,000. Kuɗin ba shi ne babbar asarar ba. Tarar ta banki ake biyanta zuwa asusun gwamnati, ba a hannun jami'i ba, kuma ana iya riƙe takardu ko motar har a kawo shaidar biya. Ga ɗan kasuwar da ke son ya riski cin kasuwa, wannan jiran ya fi tarar ciwo.

Ƙa'idar gudun ƙaramar mota ita ce kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na musamman. Tsakiyar Wudil da Birnin Kudu cikin gari ne, ko da titin na tarayya ne. Wudil ranar Juma'a, da kasuwar shanunta ke ci, wuri ne da mai hanzari ya kamata ya lissafa da shi tun daga gida.

Taya ma tana da shekaru. A gefenta akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, wato 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. FRSC tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare, ko da zanenta bai cinye ba. Masu sayen taya 'yar gwanjo su ne suka fi faɗawa wannan tarko, kuma a zafin bazara tsohuwar taya ba jami'i kaɗai take jawowa ba.

Mai ɗauke da kayan sayarwa ya riƙe rasit ɗinsu. Shinkafa da atamfa da magunguna su ne kayan da aka fi tsananta tambaya a kansu. Saƙon da wani ya bayar a tasha a kai wa wani kuwa, kada a karɓe shi a ƙulle. Abin da aka samu a cikin mota, wanda ke cikinta ake fara tuhuma.

A bakin shinge

Idan an hango shinge, direba ya rage gudu da wuri, ya kashe rediyo, ya sauke gilashi. Da dare ya rage hasken fitila ya kunna ta cikin mota. Sallama da amsa tambaya a taƙaice, daga ina, zuwa ina, me aka ɗauko, sun fi dogon bayani. Idan an ce a buɗe but, mai motar ne zai buɗe da hannunsa, ya tsaya yana kallo har a gama, wani fasinja kuma ya zauna a cikin motar. Ma'aikacin gwamnati yana iya nuna katin shaidarsa idan an tambaya, amma barazana da muƙami ko kiran wani babba a waya ya fi tsawaita magana fiye da gajarta ta.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ba jami'i ikon tsayarwa da bincike idan yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi, ta kuma ɗora masa sharuɗɗa: ya kasance cikin kaki ko ɗauke da katin shaida a bayyane, ya faɗi sunansa da ofishinsa da abin da yake nema. Sashe na 54 ya ce shekarun mutum ko askinsa ko irin suturarsa ba su isa zama dalilin zargi ba. Dokar ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kamu saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. A watan Oktoban 2020 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya haramta bincika wayoyi da kwamfutocin mutane barkatai a kan hanya. Mace kuma mace ce ke bincika jikinta, sai in larura ta gaggawa ta hana. Wanda aka tsare, sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu.

Sanin haƙƙi daban, zaɓen wurin nemansa daban. Tsakar dare a dajin da ke tsakanin garuruwa ba wurin karanta wa mai bindiga sashen doka ba ne. Wannan ma na cikin dalilan da suka sa FRSC ke yawan gargaɗi a kan tafiyar dare, ga shi kuma 'yan fashi sukan kafa shingen ƙarya da kakin aro. Mai tafiya Bauchi ko Gombe da ya bar Kano bayan sallar asuba zai gama da hanyar da rana tsaka.

Sai batun na goro. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya nuna cewa a 2016 kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka yi hulɗa da 'yan sanda an nemi cin hanci a wurinsu ko sun bayar, a 2019 adadin ya sauka zuwa 33. Direbobin haya da yawa suna ganin naira ɗari biyu a tafin hannu ta fi arha a kan jayayya, kuma wanda takardunsa ba su cika ba ba shi da bakin ƙi. Sai dai dokar ICPC ta 2000 ta tanadi ɗaurin shekara bakwai ga mai bayarwa kamar yadda ta tanada ga mai karɓa. Wanda komai nasa ya cika yana iya ba da haƙuri cikin ladabi ya jira. Jami'in da bai samu abin kamawa ba, ga wasu motoci sun yi layi a baya, ba kasafai yake riƙe mutum da daɗewa ba.

Idan an ci zarafin matafiyi ko an karɓe masa kuɗi da ƙarfi, abin da zai yi masa amfani shi ne sunan da ke ƙirjin jami'in, da lambar motar sintiri, da wurin, da lokacin. In ta waya aka tura kuɗin, shaidar turawar ita ce babbar hujja. Ana kai ƙorafi ga DPO na yankin, ko ofishin kakakin rundunar jihar, wanda na Jigawa yake Dutse, ko Sashen Karɓar Ƙorafe-ƙorafe na CRU da Sufeto Janar Solomon Arase ya kafa a 2015, wanda ke karɓar ƙara ta waya da WhatsApp. Haɗari ko lalacewar mota a kan hanya kuwa, lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ita ce babban asibitin da ke wannan yanki na hanyar.