Daga So Aljannar Duniya Zuwa Anime: Wa Ke Zaɓar Wa Budurwa Miji?



Yau ƙannenmu anime suke kallo a waya. A Boys Over Flowers, wanda Japan ta fitar a 1996, ɗan masu kuɗi ya wulaƙanta yarinya, ya dawo yana kishinta kamar kayansa, kuma shi ne gwarzon labarin.

To, mu waiwayi namu tarihin. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wadda daga baya ta nemi takarar gwamnan Zamfara a 2003. Labarin Bafillatana ce da ta tsaya kan wanda take so duk da dangi sun ƙi. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, inda aka cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho, ta gudu ta nemi ilimi. Ita kanta Balaraba tana ƙaramar yarinya aka yi mata aure.

Waɗannan iyayen namu auren dole suka yaƙa. Amma fa saurayin da ke bincika wayarki, ya hana ki ƙawaye, ya ce ki bar karatu, da uban da ya aurar da ke ba shawara, abu ɗaya suka ƙwace miki: zaɓi. Musulunci ya ce a nemi izinin budurwa. 'Yar'uwa, kada fim ya sa ki kira tsare ki soyayya.

Sai mun ji ra'ayinku.