Dangin kaska da ke cikin ƙasa: yadda ake gane su da amfaninsu ga Arlit

A cikin ƙasar garka da ƙarƙashin itatuwa akwai wasu ƙananan halittu dangin kaska, waɗanda masana ke kira Acari. Akasarinsu ba su kai milimita 1 ba. Wasu na cin ruɓaɓɓen ganye da fumfuna, wasu na farautar ƙananan tsutsotsi, kuma da haka suke taimakawa wajen maida shara taki. Kamar gizo-gizo da kunama, babba yana da ƙafa 8, ba shi da fiffike. Wanda bai daɗe da fitowa daga ƙwai ba ƙafa 6 gare shi, abin da kan sa a ɗauke shi ƙwaro.

Yadda ake fito da su

Ana zuba ƙasa bisa rariya a cikin mazurari, a kunna ƙwan lantarki a sama. Zafi da bushewa sai su kora su ƙasa, su faɗa cikin kwalbar alkol. Antonio Berlese ɗan Italiya ne ya ƙirƙiro wannan dabara a 1905, Albert Tullgren na Suwidin ya gyara ta a 1918. Daga nan sai a duba su da madubin ƙara girma na ɗakin bincike.

Rukuni huɗu

Abin da ake fara nema shi ne ƙofofin numfashi. Mesostigmata suna da su a gefen jiki, kusa da gindin ƙafa ta 3 da ta 4. Suna da sauri, kuma da yawansu mafarauta ne. Prostigmata nasu na gaba, wajen gindin baki, jikinsu da laushi. A cikinsu ne ake samun Dinothrombium, jan nan mai kama da karammiski da ke fitowa bayan ruwan farko a Sahel, wanda kan kai santimita 1. Astigmata ba su da waɗannan ƙofofi. Ana yawan samunsu a ajiyayyen hatsi, kuma mai haddasa ƙazwa ɗan cikinsu ne.

Oribatida kuwa suna da ɓawo mai tauri, ruwan ƙasa ko baƙi, kuma tafiyarsu a hankali take. An bayyana nau'insu sama da 10,000. Don rarrabe nau'i da nau'i, ana duba siffar wasu gashi 2 na musamman da ke fitowa daga ƴan ramuka a gaban gadon baya, da yawan gashin baya, da farantan da ke rufe al'aura da dubura, da ko ƙumbar ƙafa 1 ce ko 3. Wasu na da fallen ɓawo a gefe da suke rufe ƙafafu da shi. Launi kaɗai bai isa shaida ba.

Me ya haɗa su da Arlit

Kamfanin Somaïr ya fara fitar da uraniyom a Arlit a 1971. Cominak ya fara a Akouta, kusa da Akokan, a 1978, ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ya bar miliyoyin tan na tarkacen ma'adini. Gyaran irin wannan wuri bai tsaya ga rufe shi da laka da duwatsu ba. Akwai kuma batun ko ƙasar kewaye za ta sake rayuwa.

A ƙasashe da dama masana na amfani da Oribatida wajen wannan awo, domin ba sa nisa da inda suke, ba sa hayayyafa da sauri, kuma wasunsu na tara ƙarafa masu guba a jiki. Idan an dagula ƙasa, sukan daɗe ba su dawo ba. Sai dai a hamada irin ta Arlit dama ba su da yawa, sun fi zama inda ke da danshi da inuwa. Saboda haka ƙidaya ba ta da ma'ana sai an gwada ta da ta wata ƙasa makamanciya da haƙar ma'adini ba ta taɓa ba, kamar garake na Iferouane ko Timia.

Makiyaya ma abin ya shafe su. Wasu Oribatida na ɗauke da ƴaƴan tsilar Moniezia, wadda ke kama tumaki da awaki idan sun haɗiye su tare da ciyawa. Ba kowane nau'i ke ɗaukarta ba, don haka sanin nau'in da ke wurin kiwo ke nuna inda ya kamata a kula da ƴan raguna da ƴan awaki.