Na'ura ko Matuƙi: Yadda Aka Tsara Kumbon Vostok da na Mercury

Lokacin da Tarayyar Sobiyet da Amurka suka shiga ƙera kumbon da zai kai mutum sararin samaniya, likitoci ba su da tabbacin cewa mutum zai zauna cikin hayyacinsa a inda jiki ba ya jin nauyi. A kan wannan fargaba aka gina Vostok, kumbon da Sergei Korolev ya jagoranci ƙerawarsa. Na'ura da ma'aikatan da ke ƙasa ne ke tafiyar da komai. Madannan tuƙi a kulle suke, lambobi uku na buɗe su kuwa suna cikin ambulan, a bisa hujjar cewa wanda ya iya buɗe ambulan ya danna lambobin daidai, hankalinsa na jikinsa. Yuri Gagarin bai buƙace su ba a tafiyarsa ta minti 108 cikin Vostok, ranar 12 ga Afrilu 1961.

Injin rage gudu ɗaya tak Vostok ke da shi. In ya ƙi tashi, sai dai a jira iskar da ke kewaye da duniya ta janyo kumbon ƙasa a hankali, shi ya sa aka tanadi guzurin kwana goma. Saukarsa ma da ƙarfi take, don haka a nisan kilomita 7 daga ƙasa kujera ta cilla Gagarin waje, ya sauko da lema.

A Amurka, 'yan sama jannatin Mercury su bakwai matuƙan gwajin jiragen soja ne, kuma sun ƙi a ɗauke su kamar kaya. Suka matsa lamba aka sa babbar taga da ƙyauren da nakiya ke ɓallewa, aka bar musu ikon tuƙi da hannu. A saman kumbon akwai rokar ceto wadda za ta fizge shi idan babbar rokar ta samu matsala.

Ba duka waɗannan tsare-tsaren ne suka yi rana ba. Ƙyauren ya ɓalle ba shiri bayan Gus Grissom, ɗaya daga cikin matuƙan bakwai, ya sauka a teku a Yulin 1961, kumbon ya nitse, shi kuma ya sha da kyar. Amma tagar da tuƙin hannu sun biya kuɗinsu a Mayun 1963, sa'ad da lantarkin na'urar tuƙin kumbon Gordon Cooper, wani daga cikinsu, ya ɗauke ana dab da sauka. Da layukan da ke jikin taga ya saita kumbon, da agogon hannunsa ya ƙirga lokacin kunna injunan rage gudu. Bayan zagaye duniya sau 22, ya sauka kusa da jirgin ruwan da ke jiransa.