Tarihin Ciwon Ganin Munin Kai

Akwai wani ciwo wanda ba ya kawo masassara, ba ya fid da ƙurji, amma yana hana mutum zuwa kasuwa da gidan biki. Mai shi yakan dubi madubi ya ga muni inda sauran mutane ba su ga kome ba. Sai da likitoci sunka yi wajen shekara 100 kafin su gane inda ciwon nan yake zaune. Ga yadda abin ya faru.

A shekarar 1891 wani likitan ƙwaƙwalwa na birnin Jenowa, cikin ƙasar Italiya, mai suna Enrico Morselli, ya ba da labarin mutum 78 da ya duba. Kowanensu lafiyayye ne, amma ya sakankance cewa wani wuri na jikinsa ya ɓaci. Morselli ya raɗa wa abin suna dismorfofobiya, watau tsoron munin halitta.

A 1903 kuma likita Pierre Janet na birnin Paris ya bayyana labarin wata budurwa wadda ya ɓoye sunanta, ya kira ta Nadia. Ita tsoron ƙiba ne ya kama ta. Abincinta na yini bai wuce ɗan romo, da ƙwanduwar ƙwai guda, da cokalin binigar, da shayi mai lemun tsami ba. Ba ta yarda kowa ya gan ta tana ci. Janet ya lura cewa kunyar jikinta ce tushen abin.

Labarin da ya fi koya wa likitoci hankali shi ne na Sergei Pankejeff, ɗan masu dukiya na ƙasar Rasha. Juyin mulkin 1917 ya raba shi da gadonsa, ya zauna birnin Biyana na Ostiriya yana aikin ofis. Wajen 1924 sai hankalinsa ya koma kan hancinsa. Ya yi ta zuwa wurin likitocin fata, har anka yi masa ɗan aiki a hancin da wutar lantarki. To, kun san abin da ya biyo baya? Sai ya ce aikin ya bar masa tabon da ya lalata masa fuska har abada. Ya riƙa yawo da ƙaramin madubi cikin aljihu, in ya yi 'yan taku sai ya tsaya, ya fiddo shi, ya dubi hanci, ya shafa hoda. A 1926 likitansa na dā, Sigmund Freud, ya aike shi wurin wata likita, Ruth Mack Brunswick. Da ta dube shi ba ta ga wani aibi a hancin ba. Bayan 'yan watanni suna zama suna magana, sai damuwar ta lafa. Hanci kuwa yana nan yadda yake.

Nan ne anka ga gaskiyar al'amari: ciwon yana cikin tunani, saboda haka gyaran fuska ba ya warkar da shi. Ana gyara nan, damuwa ta koma can.

Duk da haka sai a 1987 likitocin Amurka sunka sa shi cikin kundinsu na ciwace-ciwacen ƙwaƙwalwa da sunansa na kansa. A 2013 sunka haɗa shi aji ɗaya da ciwon waswasi. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ita ma ta sa shi cikin sabon kundinta wanda ya fara aiki a 2022. Bincike ya nuna yana kama wajen mutum 2 cikin 100, maza da mata, kuma galibi yana somawa tun ana samari da 'yan mata. Maganinsa shi ne zama da likitan da ke koya wa mutum gyara tunaninsa da rage duban madubi, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyin da likita ya rubuta.

Wani zai ce wannan ciwon Turawa ne, tunda a ƙasarmu ƙiba ado ce ga amarya. Ma'aunin kyau ne ya bambanta. Nadia ƙiba take gudu, tamu yarinya kuwa rama take gudu, ko duhun fata, har ta sayi ƙwayar ƙiba ko man da ke ɗaye fata a bakin kasuwa. Ba duk mai son ado ke da ciwo ba. Amma in kun ga yaro ko yarinya sun bar zuwa lakkol, suna wuni gaban madubi, suna tambaya kullum ko fuskarsu ta ɓaci, kada ku yi musu dariya, kada ku laƙa musu sunan tsiya. Ku zauna ku saurare su, sa'an nan ku kai su asibiti tun da wuri. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.